Cokali Na Biyar

A gaban kwandon cokula na wani gidan abinci, wata ma'aikaciyar jinya ta zuba wa wani dattijo ido: ya zaro cokali, ya duba, ya mayar.

"Baba, na biyar ke nan ka taɓa wa baki."

"Mai tsabta nake nema, 'yata."

"To ai ka rage masu tsabtar da biyar. Laifin ma na mai wurin ne. Da an kifa su, mariƙi a sama, da hannun kowa bai kai bakinsu ba. Bari in yi mata magana."

Dattijon ya yi wuf ya rungume kwandon.

"Rufa min asiri, yanzu zan wanke su. Matata ce, kuma tun safe ta ce in kifa su."