Atamfar Tsohon Shugaba

A kasuwar Segu na raɓe a rumfar wata mai atamfa, wai ina duba kallabi, alhali kunnena na kan wata baƙuwa da ta shigo.

"Yaya, kina da atamfar tsohon shugaba, mai hotonsa? Jibi za a kawo gawarsa garinmu, an ce duk wadda ta taɓa yi masa rawa ta ɗaura tata."

"Taki fa? Ai kyauta aka raba muku."

"Ɓera ya cinye."

"Ɓeran nan ɗan siyasa ne! Ke ce ta shida yau. Faɗi gaskiya, ban san kowa a garinku ba."

Baƙuwar ta rage murya, ni kuwa na matso.

"Ranar da aka hamɓarar da shi na shimfiɗa ta a ƙofar gida, kowa ya taka, ina guɗa. Alhali a asibitin da ya gina mana na haifi 'ya'yana huɗu. Matarsa za ta zo, kuma ta san ni, ni ce mai ba da waƙa."

Mai rumfar ta jawo wani baƙin turmin atamfa daga ƙarƙashin tebur.

"Yaya, wannan ai rini ne."

"Ɗaga shi a rana."

"Wayyo, ga hotonsa nan, har hularsa!"

"Turmi arba'in na tsoma a baban rini a makon juyin mulkin, don tsoro. Ɗauki, ki ce na makoki ne."

"Ke ba za ki zo ba?"

"Da wane ido? Ni nake ɗinka wa matarsa kaya."