Ban-Gajiyar da Ba Mu Kai Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Mai girma shugaban wanga taro, kuma shugaban ƙungiyarmu ta manoma da dillalan albasa, Alhaji Habibullahi, mai girma wakilin uban ƙasa, Allah ya ja zamanin sarki, wakilin ƙaramar hukuma, malamanmu, Allah ya gafarta muku, Sarkin Noma da Sarkin Kasuwa da shugaban direbobin tasha, dattawan Aliero da na Kashin Zama, mutanen Alelu, 'yan'uwanmu na Maiyama da sunka yo sammako, iyayenmu mata da ke zaune can bayan zana suna saurare, jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu da rai da lafiya. Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama in yi magana, alhali ya san bakina, ya kuma san ba yabo na kawo ba. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Yari, fatoma a unguwar Jega Magaji. Ba ni da garka, ban taɓa dasa albasa ko ƙwara ɗaya ba. Aikina saukar baƙi. Fatake su zo daga Kudu, in ba su ɗaki da tabarma da ruwan alwala, in haɗa su da masu kaya. Haka ubana ya yi, haka na tashi na tarar. Saboda haka ku kun san albasa, ni kuwa baƙo na sani, kuma a kan baƙo zan yi magana.

Jiya kun zauna da Alhaja Sikira, fatakiyar Badun, ita da mutanenta. Ta ga kaya, an yi tayi, an ce albarka, an tashi ba a ƙulla ba, ba a kuma ɓata ba. Yanzu haka tana zaurena. Bayan la'asar motarta za ta tashi. Abin da ya tara mu shi ne: za mu aika mata da ban-gajiya da 'yar takardar godiya kafin ta tafi, ko za mu yi mata shiru? Na ji tun da safe ana ta raɗa cewa a yi shiru. To, kafin ku yanke, ku bari in tuna muku bara, don da yawa daga cikinmu sun ga ƙarshen al'amarin amma ba su ga tsakiyarsa ba. Ni a zaurena anka yi tsakiyar.

Magana ta farko, abin da ya faru.

Bara war haka wagga baiwar Allah ta zo. Kun san yadda hanya take a lokacin, mai ya yi wuya, ƙasa ba lafiya, fataken Kudu da yawa sun ji tsoron hawowa Arewa. Ita ta taho. Mace mai jikoki, ta kwana bisa hanya, ƙafafunta sun kumbura, ta zaga rudu-rudu, rumbunanmu na ajiyar albasa, a Aliero cikin zafin bazara tana ɗaga albasa tana shinshinawa. Anka zauna da ita kamar jiya, anka tashi kamar jiya. Da ta koma masauki, ku kunka sake zama ku kaɗai, sai wani dattijo ya miƙe ya ce, "Mai kaya ba ya bin mai saye. In munka aika mata da gaisuwa, za ta ce mun matsu, ta taya muna da wulaƙanci. A ƙyale ta, da ƙafarta za ta dawo." Mai maganar yana nan zaune, ba zan dubi inda yake ba. Ba shi kaɗai ba ne, domin tafi kunka yi masa. Har kunka ƙara da doka, cewa kada wani manomi ya kuskura ya je wurinta shi kaɗai, don kada ya karya wa jama'a farashi.

Na aiko muku cewa baƙuwa tana jira. Amsar da anka maido mini ita ce, fatoma la'adarsa yake hange. To, na ji, na haɗiye.

Ga abin da ba ku gani ba. Matar nan ta shimfiɗa tabarma a bakin zaure, ta zauna tana fuskantar ƙofa. Duk wanda ya yi sallama sai ta gyara gyale, ta ɗaga kai. Mai ruwa ne. Ta sake gyarawa. Mai goro ne. Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa ta faɗi. Da abin ya ishe ta sai ta kira ni, da Hausarta ta unguwar Sabo ta Badun, ta ce, "Baba Yari, ko laifi na yi wa mutanen nan?" Na ce ba ki yi ba. Ta ce, "To, ko wani babba ya rasu a garinsu?" Na ce lafiya lau suke. Sannan ta ce, "Ni ba ragi nake jira ba. Farashinsu ban ƙi shi ba. Amma zan koma gida in turo motoci tun daga Badun, da wahalar man nan, wurin mutanen da ina gabansu ma sun manta da ni? In na ba da baya fa?" Wallahi tun da nake saukar baƙi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ana haka sai ga wani manomi daga wani gari can gabas da mu, ba zan faɗi sunan garin ba. A tasha kawai sunka taɓa gaisawa da ita. Ya zo bisa babur da ƙullin goro da 'yar takarda, rubutun ma duk a karkace. Abin da ke ciki bai fi a ce an gode da gaisawa, Allah ya huce gajiya, in ta samu hali ta leƙo ba. Albasarsu ba ta kai tamu girma ba, ba ta kai tamu ja ba, kowa ya sani. Alhaja ta naɗe tabarmata ta miƙo mini, ta bi shi. Can motocinta sunka yi lodi har damina ta kankama.

Magana ta biyu, abin da shirun ya haifar.

Kun jira ta dawo da ƙafarta. Ruwa ne ya zo da ƙafarsa. Ba sai na ba ku labarin warin ba, hancinku ya fi bakina sani. Daga kan hanyar Aliero mutum ke fara toshe hanci. Albasar da anka yi watanni ana ba ta ruwa, anka hana ido barci dominta, ita ce anka riƙa kwasa da shebur ana zubarwa a rami, har awaki sun ƙi ta. Manya sun ji jiki, amma manya suna da gero a rumbu, suna da shanu wurin Fulani. Ƙananan ne sunka karye.

A cikin ƙananan akwai Tamu na Kashin Zama. Kun san shi, dogon nan mai yawan gaisuwa, wanda ba ya zama a sahun gaba. Da rudunsa ya fara zubar da ruwa, ya tsince 'yan buhunan da sunka rage, ya ce shi da kansa zai kai su Kudu. Mutumin da bai taɓa wuce Yawuri ba. Ya hau bisa lodi kamar yadda talaka ke hawa, motar ta faɗi bayan Kwantagora. Mutanen da ba su san sunansa ba su ne sunka yi masa sutura a gefen hanya. Hularsa kawai wani direba ya kawo muna. Ajali ne, na sani, malamai suna nan, ban ja da ƙaddara ba. Amma ajali yana da sanadi, kuma sanadin wanga a bainar jama'a anka ƙulla shi, da tafi.

Akwai abin da ban taɓa faɗi a taro ba, don ni ma sai bayan rasuwarsa mai shayin da ke daura da gidana ya gaya mini. A kwanakin nan da Alhaja ke zaune tana kallon ƙofa, Tamu ya zo Jega. Ya zo da goronsa a aljihu. Ya zauna a bencin mai shayi, yana hangen zaurena, tsakaninsa da ita faɗin titi kawai. Mai shayi ya ce masa, "Malam, ka shiga mana, baƙuwar tana nan." Ya ce, "A'a, manya sun hana. In na shiga a ce ni na karya jama'a." Ya sha shayinsa, ya biya, ya koma gida da goron. Ku ji da kyau. Bai mutu don ya saɓa muku ba. Biyayya ya yi muku.

Magana ta uku, ita ce tambayar da ke cin raina. A ina munka koyo wagga ɗabi'a? Ba gado ba ce. A ƙasar nan in mutum ya zo maka suna, washegari kakan taka ka je ban-gajiya. In ya zo maka jana'iza, ka je. In ya raka ka neman aure, ka je. Iyayenmu da sunka yi fataucin goro da jakai, ba su taɓa barin baƙo ya kwana a gari bai ga akushinsu ba, ya saya ko bai saya ba. Sai mu, da Allah ya buɗa muna kasuwa, anka ba mu jiharmu ta kanmu, motoci na zuwa har bakin garka, sai munka ce godiya rauni ce. Lalle albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wanda ya zo maka suna shinkafarka ya ci, ka bi shi da godiya. Wanda ya ƙetaro kogin Kwara don ya sayi guminka, shi ne za ka ja wa aji? Girman kai rawanin tsiya ne, kuma bara mun naɗa shi, mun ga yadda ya yi muna.

Masu cewa godiya tana karya farashi, ku amsa mini. Farashin da kunka tsare bara, nawa anka saya a bakin rami? Ban ce ku rage ko kwabo ba. Ku tsaya a kan farashinku, ni ma zan tsaya muku. Takardar da nake roƙo ba ta ciniki ba ce. Ba a ambaton kuɗi a cikinta, ba a roƙo, ba a magiya. A kira mutum da sunansa. A ce mun gode da tattaki, mun ga wahalar da kika sha, Allah ya huce gajiya, kayan da kika gani suna nan, mu ma muna nan. Shi ke nan. A kai ta tun ƙurar motar baƙo ba ta kwanta ba, kuma dattijo ya kai ta da hannunsa. Kuma ya zama ƙa'idarmu ga kowane baƙo, ɗan Badun ne ko ɗan Anaca, ya saya ko ya wuce. Wanda bai saya bana ba, shi ne mai sayen baɗi.

Yanzu ga inda maganar ta tsaya. Alhaja ba don mu ta dawo bana ba. Hanyarta ce ta biyo, na tare ta, na yi ta ba ta haƙuri har ta yarda ta sake duba kayanku. Ta gaya mini gaskiya, ta ce wannan ne na ƙarshe.

Tamu ya bar mata, Balaraba, da 'ya'ya ƙanana. Da ta fita takaba 'yan'uwa sunka ce a sayar da garka, a raba yaran, wasu Maiyama wurin dangin uwa, wasu Alelu wurin ƙanen uba. Ta ce a ba ta rani ɗaya. Ta sayar da tumakinta da kwanonin jerenta, ta sayi iri da mai, ta sa anka noma garkar mijinta. Allah ya ba ta albasa, tana nan cikin rudun da ta Tamu ta ruɓe a ciki. In albasar ta shiga mota, yaran nan za su tashi ɗaki ɗaya a gaban uwarsu. In ta ruɓe, Balaraba ba ta da abin da za ta sake sayarwa, kuma alkawari ta yi wa dangi. Ku ɗaga kai ku dubi gabas. Tun shekaranjiya hadari ke haɗuwa yana watsewa, ba kullum zai watse ba.

Yau da hantsi Balaraba ta zo gidana da ƙwaryar fura. Ta ce, "Baba, ban san ko an sake kafa doka ba, ni dai ba wanda ya gaya mini. A rubuta mini godiya in ba baƙuwa." Malam Ismail, sakatarenku, shi ya rubuta, ita ta dangwala yatsa. Alhaja ta sha furar, ta yi hawaye, don na ba ta labarin mai garkar. Sannan ta maido mini da takardar. Ta ce, "Baba Yari, ka san ba a turo mota daga Badun don rudu ɗaya. Yarinyar nan ta yi nata. In mutanenta suna bayanta, in gani."

Ga takardar a hannuna. Yatsa ɗaya ne a kanta, na macen da ta fi kowa dalilin yin fushi da mu. Ƙasan duk fili ne. Shugaba, zan aje ta a gabanka, ga biro, ga tawada ga wanda ba ya rubutu. Ni zan koma bakin ƙofa in tsaya. Da an kira la'asar zan ɗauke ta in tafi, ko me na tarar a kanta. In da hannuwanku, sai dattawa su shige gaba in bi bayansu. In kuwa yatsan nan ne kaɗai, zan kai ta haka nan, amma ba ni zan shiga bayan zana in gaya wa Balaraba ba. Sai ku zaɓi wanda zai gaya mata a cikin masu tafin bara.

Allah ya jiƙan Tamu, ya sa kabarin nan na gefen hanya ya zama dausayin Aljanna. Allah ya raya abin da ya bari, ya bar su gaban uwarsu. Allah ya sa albarka a garkunanmu da kasuwanninmu, ya tsare direbobinmu da baƙinmu bisa hanya. Allah ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, ya ƙara wa shugabanninmu adalci. Allah ya raba mu da girman kan da wani ke biya da ransa. Allah ya maida kowa gidansa lafiya, ya kuma riƙe muna ruwan nan har albasar marayu ta hau mota.

Ku da kunka yo tattaki kunka saurare ni, wanda maganata ta yi wa daɗi da wanda ta sosa, Allah ya huce gajiya. Na gode.