Ƙafar Direba Bisa Kujera

A tashar Magarya, a bencin mai shayi, wani direban kamiyo, wato babbar motar kaya, yana cika wa wani dattijo mai sanda baki a kan sabuwar motarsa. Ba su san juna ba.

"Baba, motar yanzu ba ta buƙatar ƙafa. Maɓalli guda nake dannawa a jikin sitiyari, ta riƙe gudunta da kanta. Ni kuwa sai in tanƙwashe ƙafafuna bisa kujera kamar ina kan tabarma."

"Subhanallahi! Da kaya a bayanka? To, birkin fa, wa ke taka shi?"

"Ni mana, in ta kama. Sai dai jiya da la'asar, wajen Waca, ƙafar ta sage mini. Ga shanu suna ƙetare hanya, ni ina laluben birki."

"Innalillahi! Ka yi oda dai?"

"Wuta na yi musu. Akwai wani ɗan hannu a gefen sitiyari, da ka ja shi fitilu za su haska har Dungas."

"Da sauran rana ka haska wa saniya fitila? Ina saniya ta san fitila?"

"Ai duk sun wuce, Baba. Guda ce ta tsaya tana kallona."

"Ja, mai karyayyen ƙaho?"

Direban ya ajiye kofinsa. "Wa ya gaya maka?"

"Ɗan maraƙinta ne ya kwana a garkena yana kukan uwarsa, shi ya gaya mini. A'a, kada ka tashi, yaro. Tanƙwashe ƙafar yadda ka saba, ka ƙarasa mini labarin."