Jarumin da ya ci da hagu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka albarka. Jiya na ji kana batun silimar da, sai ka tuna mini da Baba, Allah ya jiƙansa.

Muna samari a Illela, motar silima kan zo daga Ƙonni, a ɗaura farin ƙyalle a bakin kasuwa. Ran nan munka lallashi Baba ya zo ya gani. Munka tarar gaba ya cika, sai munka shimfiɗa masa tabarma a bayan ƙyalle, tunda ta can ma hoto na fitowa.

Anka kawo wa jarumin fim abinci, ya sa hannu. Baba ya ce, "Da hagu?" Jarumi ya je gaida uban yarinyar da yake so, nan ma ya miƙa hagu. Baba ya naɗe tabarmarsa.

Da safe amininsa Malam Garba, wanda ya zauna gaba, ya rantse da dama yaron ya ci. Gardama ta kai su wajen mai injin. Ya ce duk sun yi gaskiya, ta baya hoto juyewa yake. Baba ya jinjina kai ya ce, "Wato gaban jama'a da dama, bayan idonsu da hagu. Garba, wannan ai munafuki ne."

Daga ranar ya hana mu silima.

Ina gaida 'yan bayan ƙyalle na Illela da Badagishiri. Wanda ya ga ƙarshen fim ɗin ya taimaka ya aiko. Har na yi furfura ban san ko an ba munafukin nan mata ba.