Muryar Bappa Hammanjoda

Mai girma wakilin Hakimi, Liman na Barade, Rabaran Barnabas, shugabannin ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, uwarmu Hajja Hamna matar marigayi da 'ya'yansa, jama'a, ina gaishe ku. Ni ce Keziah matar Tobiya, daga Mayo Gwoi.

Ranar da Bappa Hammanjoda mai ɗaukar bidiyon biki ya yi sallama gidanmu, ina ƙarƙashin mangwaro da littafin soyayya a hannu, wake yana ƙonewa a murhu. Ya shaƙi hayaƙin, ya dubi mijina ya ce, "Tobiya, ashe ba ƙarya ka yi ba da ka ce matarka ba ta ajiye littafi." Sannan ya juyo gare ni: "Amarya, kin karanta na mutanen Kano har kin ƙona tukunya. Namu fa? Ba ki da labarin Jalingo ko ɗaya?" Ina da shi. Ba wanda ya taɓa tambayata sai shi.

Ya kasance mutum mai ɗaukar mafarkin wani da muhimmanci. Ya kasance mai haƙuri da mu, manoma da teloli da malaman firamare da ba mu taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Ya kasance mai cewa tunda an ba mu jiha, ya kamata a ga fuskokinmu. A duwatsun Kona muka ɗauki fim ɗin labarin nan nawa. Shi ya fito a matsayin uban yarinya, Tobiya ya riƙe kyamara. In wani ya yi tuntuɓen harshe, sai ya ce, "Bar shi! Haka muke magana a kasuwa."

Amma ɗauka daban, tacewa daban. Babu na'urar tace hoto a garin nan, babu wanda ya iya ta. Masu na'ura suna Kano da Jos, masu zuba jari da masu sayar da kaset suna Kano. Bappa ya zagaya masu halinmu neman taimako. Sun yi masa shayi, sun yaba, sun raka shi bakin ƙofa. Mu ma da muka fito a ciki, muka koma gonakinmu muka bar shi da kaset a jaka. Wannan abin kunyarmu ne duka.

Da ya je Kano, wani ɗan kasuwa ya kalla ya ce, "Alhaji, hoto ya yi kyau, duwatsun nan kamar a ƙasar waje. Amma wannan Hausar ba za ta sayu ba. A bar fuskokin, yaranmu su ɗora murya." Bappa ya tattara kayansa ya dawo. Ya ce mana, "Wai bakina ya motsa, wani ya yi magana? Ko a lahira ban yarda ba." Muka yi dariya. Bai ƙara ganin wata damina ba.

Hajja, ke kika kira ni bayan sadakar arba'in, kika nuna mini yadda fumfuna ta fara cin kaset ɗin. Kika ce mutumin Kano ya sake aiko da magana, kuma tunda labarin nawa ne, ni zan yanke. Na tambaye ki abin da kike so. Kika ce, "Muryarsa tana kunnena. Amma ƙaramin nan, Usaini, bai fara riƙe fuskar babansa ba."

Usaini, Suleiman, in kun girma kuka ji babanku yana magana da bakin wani, ku zo wurinmu. Za mu gaya muku yadda yake jan magana, da yadda Fillanci ke kutsowa in ransa ya ɓaci.

Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Bappa, ya haskaka makwancinsa, ya raya abin da ya bari, ya ba Hajja ƙarfin zuciya. Ya kuma kawo ranar da yaran garin nan ba za su hau mota don a ji su ba.

Na san Bappa bai yarda ba, kuma ban sami wata hanyar ba. Na amince a sauya muryoyin. Ranar Litinin Tobiya zai kai kaset ɗin Kano.