Iskar Tayar Motar Yaya Sani

Salamu alaikum mai gabatarwa, Hadiza ce daga unguwar Zariya. Wallahi hankalina ya ƙi kwanciya! Yayana Sani ke jigilar fasinja da motar Baba, ita ke ciyar da mu. Fetur take sha sosai, har Baba ya ce saida ta zai yi. An canza buji, an daidaita inji, shiru. Jiya na bi shi bayan Jiratawa, ya rage iskar taya saboda rairayi, muka hau kwalta bai ƙara ba. Na ce, "Yaya, na gani a waya, wannan ke shanye mai!" Ya ce, "Auta, danna wayarki." Direbobi, don Allah ku bugo ku gaya mishi, gobe dillali zai zo!