Ranar da Gungunmu Ya Aje Makamai

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa, Allah shi ƙara maka lafiya. Ni masunci ne daga wani gungu, wato tsibiri, tsakiyar kogin Kwara kusa da Lolo, ƙasar Bagudo. Raina a ɓace nake rubuto maka.

Al'adarmu, in za a yi shawara, kowa zai bar mashinsa cikin jirgi, ya hau tudu hannu sake, Sarkin Ruwa ya yanke magana. Lokacin da Turawan Ingila da na Faransa ke raba iyaka, soja sunka zo neman jirage da majiya ƙarfi don aikin tilas. Kakanninmu sunka aje makamai, suna zaton baƙi ma za su aje bindigogi. Ina! Sarkin Ruwa ya ce, "Gungun ga mu ke mulkin kanmu." Bai rufe baki ba anka harbe shi. Anka ƙone jirage, anka zane kakana da bulala har naman bayansa ya tsage. Da idona na ga tabon.

Makon jiya munka zauna kan neman namu dagaci. Dattawa sunka ce a aje makamai. Ɗan ƙanena, ƙato mai iyali, ya ce mani, "Baba, waɗanda sunka aje, ina suke?" Ya hau da mashinsa. Gardama ta kaure, ya soki maƙwabcinsa a cinya. Jini ya malala daidai inda na Sarkin Ruwa ya zuba.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Wancan jini Bature ya zubar. Wanga kuwa wa za mu ɗora mawa?